Abin da Injiniya Ya Ce Game da Aikin Mamanku

Kun taso kun tarar a gidan nan ni ne mai Turanci. In takarda ta zo daga makaranta, ni ake jira. In an sayo magani, ni ke karanta jikin kwalba. Mamanku kuwa ko katin biki aka miƙo mata sai ta ture shi gefe ta ce a ajiye wa Malam. Na sha jin ke Ummi kina gaya wa ƙawayenki cewa Mama ba ta yi nisa a boko ba, kina faɗa cikin tausayi, ina zaune ina ji ban ce uffan ba. To yau zan ce. Babin nan sau biyu ina tsallake shi in rubuta na gabansa, amma in na tafi ban gyara ba babu mai gyarawa, domin mutum ɗaya da zai iya ƙaryata ni ya riga mu gidan gaskiya.

A shekarun muna Karu, a gidan haya mai ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, ni da Mamanku Zulai da mahaifiyata Inna, sai Ummi da Sadiƙu, Auta kuwa Mamanku tana ɗauke da cikinsa. Ina aikin buga takardu a wani ofishin injiniyoyi a Wuse cikin Abuja, masu zanen hanyoyi da gadoji da kwalbatoci. Mu huɗu ne a ɗakin bugu, lokacin an fara janye tafireta ana kawo kwamfuta. Wanda bai taɓa buga rahoton injiniya ba bai san wahala ba. Mutanen nan ba sa rubuta kalma su kai ƙarshenta, komai sai sun datse shi. Kilomita haruffa biyu, lamba haruffa biyu, sunan hukuma mai kalma biyar su dunƙule shi a haruffa biyar. Su watso maka da rubutun hannu kamar tafiyar kaza, kai kuma ka san inda ɗigo zai zauna da inda ba a son sa, ka san wanne ke ɗaukar babban baƙi, wanne waƙafi ke bi. Sauran ukun sun tsani wannan aiki, ni kuwa a nan na yi suna, har ake ce mini Garba Ɗigo. Ba na ɓoye muku, sunan yana yi mini daɗi, in an kira ni da shi sai in yi kamar ban ji ba don a sake.

Abin da ba su sani ba a ofis shi ne ɗigon nan ba nawa ba ne. Mamanku ta yi shekara uku a kwalejin horon malamai mata kafin mahaifinta ya rasu karatun ya tsaya, kuma ta faɗa hannun wata malama 'yar Indiya wadda ba ta yafe kuskuren aya ko waƙafi. Wata Asabar na zo da aiki gida, na baje shi a kan tabarma bayan la'asar, Mamanku tana tsintar shinkafa a gefena. Na ga idonta yana ta komawa kan takardar.

"Malam, in yi magana?"

"Yi mana."

"Nan jimlar ta ƙare da etc., ga ɗigonsa, ka kuma ƙara mata aya. Guda ɗaya ya ishe su su biyun. Sannan wannan and ɗin da ka sa a gabansa ba a sa shi, yana cikin kalmar tun asali."

Na yi dariya, na ce ashe akwai farfesa a gidan ban sani ba. Amma da ta shiga kicin na ɗauki biro na gyara. Daga ranar ya zama al'ada. Duk aikin da ya fi muhimmanci sai in buga na gwaji in kawo gida, ta feƙe fensirinta da reza ta bi shi layi layi. Ita ta koya mini cewa km da kg ba sa son ɗigo, amma No. in ka hana shi nasa sai ya koma kalmar ƙi. Ita ta nuna mini cewa sunan hukuma ana rubuta shi cikakke a karon farko kafin a gajarce, saboda mai karatu ba boka ba ne. Dr kuwa ta ce ko ka sa masa ɗigo ko ka bari duk ana yi, laifin shi ne ka sa a shafi na ɗaya ka manta a na huɗu. Ba ta taɓa yi mini da gadara ba, kullum sai ta fara da neman izini. Inna tana kan sallayarta tana kallonmu, takan ce:

"Ikon Allah. Yanzu ita takardar ma sai an tankaɗe ta kafin a kai wa Turawa? Garba, ka dai riƙe yarinyar nan da kyau, kan gidanka a wuyanta yake."

Mukan yi dariya mu duka. Amma maganar Inna takan tsaya mini a rai, ko da yake a lokacin ban ba abin suna ba.

Shugabanmu Injiniya Bawa ne, mutumin Gbagyi, Kirista, dogo mai sanyin magana. Iyayensa manoman doya ne a ƙasar da aka gina birnin nan a kai, yakan nuna wani gini ta taga ya ce nan gonar kawunsa take. Hausarsa irin ta Abuja ce, mace da namiji duk "ya" yake ce musu, amma a kan takarda ba ya wasa. Ya daɗe yana cewa yana son ya ware mutum guda wanda duk rahoton da zai fita sai ya bi ta hannunsa, da teburinsa daban a jikin taga kusa da ofishinsa, a raba shi da hayaniyar ɗakin bugu. Kowa ya san kujerar nan tawa ce. Ni ma na sani, har nakan tsaya in na zo wucewa in dubi inda za a ajiye teburin.

Sakaci ne ya tona ni. Na bar takardar gwaji a cikin fayil, wadda Mamanku ta bi da fensir, na kai wa Injiniya tare da kwafi mai kyau. Kafin azahar ya aiko a kira ni. Na tarar ya baje takardun biyu yana duba wannan yana duba waccan.

"Garba, wannan hannu ba naka ba ne. Naka manya manya ne. Wane ne ya yi wannan correction?"

Na ce iyalina ce, Oga, takan ɗan taya ni dubawa.

"Matarka? Shi ne ya yi duka wannan? Kai! Ka ga nan, ni ne na rubuta e.g. inda ya kamata i.e., kai ka buga yadda na rubuta, shi ya kama. Ya gane abin da nake nufi fiye da ni. Garba, kana da zinariya a gida ka ɓoye."

A tsaye a gabansa na ji daɗi, wallahi na ji, na yi ta murmushi ina cewa na gode. Daɗin bai raka ni ƙofa ba. Ya jawo aljihun tebur ya ciro shafi uku na wani tsohon rahoto, ya ce in kai mata ta gyara ita kaɗai, kada in sa hannu. In ta yi yadda yake zato, teburin nan na jikin taga nata ne, rabin yini kawai, ta zo da safe ta koma kafin yara su taso makaranta. Sannan ya ƙara abin da daga baya ya zame mini mafaka.

"Na san al'adanku. Ba zan aika masa kai tsaye ba, sai ta hannunka. Kai ne maigida, abin da ka kawo mini shi ne zan ɗauka."

Na kai mata, wannan kam ban ɓoye ba. Ban taɓa ganin Mamanku ta yi murna irin ta ranar ba, ko ranar da muka tare. Ta goge hannunta a zani sau biyu kafin ta karɓi takardun. Kwana biyu ta yi a kansu. Da hantsi in ta gama aikin gida sai ta ɗora faranti a cinya ta mai da shi tebur, ga ciki ya tsufa, ga Sadiƙu yana jan gefen zaninta. Inna da kanta ta karɓi girkin rana don kada a dame ta, tana gaya wa maƙwabta cewa surukarta za ta fara aikin ofis, za ta zauna sama da maza. Ni ina shiga ina fita, ina jin kowace kalma kamar ana ɗiga mini ruwan zafi. Kishi ne, 'ya'yana, ba wani abu ba. Mun saba jingina kishi ga mata, amma wanda na yi a kwanakin nan ban ga macen da ta yi irinsa ba. Shekara tara ina buga takardu a ofishin nan, bayana ya ƙage a kan kujerar katako, a ce wadda ta koyi abin tana tsintar shinkafa ita za ta zauna jikin taga, ni in kawo mata aikina ta sa mini fensir a gaban su Sunday da Hajara, abokan aikina na ɗakin bugu. Ina jin muryar Sunday tun kafin ya yi maganar, yana tambaya wane ne Ɗigon na gaske. Na so ta faɗi, na roƙi Allah a zuciyata ta faɗi, ina kallonta tana feƙe fensir.

Ran Alhamis na kai wa Injiniya. Ya sa tabarau ya karanta a gabana, bai tsallake layi ba. Da ya gama ya cire tabaran ya ajiye.

"Babu mistake ko ɗaya. Na sa tarko goma sha biyu, ya kama duka, ya ƙara biyu da ni ban gani ba. Aikinsa ya fi naka, Garba, kada ka ji haushi. Ya fi nawa ma. Ka kawo shi ran Monday."

Da aka tashi ban hau bas ɗin da na saba ba. Na tare tasi mai kore da fari ni kaɗai, abin da ba na yi, don ba na son kowa ya yi mini magana. Daga Wuse zuwa Karu da cunkoson yamma tafiya ce mai tsawo, ta ishi mutum ya tuba sau goma. Ni a cikinta na zauna na ƙera ƙarya, na goge ta, na gwada ta a bakina. Na yi tunanin in ce an ba wani, na ga za ta sa rai da wani karon. Na yi tunanin in ce ban yarda ta fita aiki ba, na ga Inna za ta tsaya mata, kuma Inna ba a ja da ita. Sai na zaɓi wadda za ta kashe maganar gaba ɗaya, na kuwa san abin da nake yi.

Na tarar Mamanku ta yi kwalliya, ta yi mini dambun shinkafa. Ba ta tambaya ba sai da na ci na wanke hannu.

"Malam, ya duba?"

"Ya duba. Ya ce kin yi ƙoƙari, a gaishe ki. Sai dai kurakuran sun yi yawa, aikin ofis ba kamar na gida ba ne."

Sai ta ce:

"A ina? Wane shafi?"

"Bai nuna mini ba. Ya riƙe takardun."

"To. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Ta kwashe kwanuka ta fita. Inna ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce Turawan nan da masu koyi da su ba su da ta ido, ta ja carbinta. Ran Litinin na shiga wurin Injiniya na sunkuyar da kai, na ce Oga ka yi haƙuri, na yi shawara da manya, a gidanmu mace ba ta fita aiki. Na jingina wa iyayena da addinina abin da ba su ce ba. Mutumin kirki, sai ya ɗaga hannu biyu.

"Shi ke nan, Garba. Ba zan shiga maganar gida ba. Amma an yi asara."

Kuna iya zaton daga nan kujerar ta dawo gare ni. Ba ta dawo ba. Wanda ya ga aikin Zulai ba zai koma ya ɗauki nawa ba. Bayan wata biyu ya kawo wani saurayi daga jami'a ya zaunar da shi jikin taga, na ci gaba da kai masa takarduna har na yi ritaya. A gida kuma fensir ya ɓace. Asabar ta farko da na baje aiki a tabarma, na tura mata kamar yadda muka saba, sai ta ture shi da bayan hannu.

"A'a Malam, kada in ɓata maka. Ashe duk shekarun nan lalata maka aiki nake yi, kana haƙuri da ni."

Sunan Garba Ɗigo bai shekara ba ya bi ruwa, don saurayin nan ya fara dawo mini da takarduna da jan biro, ɗigo a shafi na ɗaya babu shi a na huɗu. Wannan bai dame ni ba kamar yadda za ku zata. Abin kunyar shi ne a watannin farko har wani sanyi nake ji a raina in na ga ta miƙo mini takarda ta ce in karanta mata.

Sau ɗaya asirina ya kusa tonuwa, ranar sunan Auta. Injiniya ya zo da matarsa, da buhun doya a bayan mota. Bayan an ci an sha ya ce zai yi wa mai jego barka. Na raka shi har bakin ƙofar ɗaki. Kalma ɗaya ta isa. Ya ce an yi asara, ko ita ta ce a yi haƙuri da kurakuraina, shi ke nan na mutu a tsaye. Amma ya tsaya daga waje saboda girmama al'adarmu, bai ɗaga labule ba.

"Madam, barka da arziki. Allah ya raya. Sannu da ƙoƙari."

Daga ciki ta amsa da murya ƙasa ƙasa. Daga baya Hajara ta gaya mini cewa da Mamanku ta ji muryarsa sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa ƙofa baya. Shi yana ganin kunyar matan Hausawa ce, ita kuwa kunyar wanda ya ga jahilcinta take ji. Ladabinsa da kunyarta su suka rufa mini asiri, na raka shi mota ina ta godiyar doya.

Sauran kun san shi, a gabanku aka yi, sai dai ba ku san tushensa ba. Ummi, kin tuna kina aji huɗu kika kawo mata aikin gida na Turanci kika nace, ta daka miki tsawa har kika yi kuka, ta ce ki daina kawo mata abin da ba ta iya ba. Kin daɗe kina riƙe da wannan a ranki. Sadiƙu, kai ka taɓa tambayata me ya sa ban auri mai ilimi ba, na ce maka ka yi wa bakinka linzami, na kuma ji daɗin tambayar. Na sha yin niyyar faɗa mata gaskiya. Da Inna ta rasu na yi niyya, da Injiniya ya rasu na yi niyya, da muka je Hajji na yi niyya a gaban Ɗakin Allah na dawo da abina. Kullum sai in ce wa kaina abin ya wuce, ta manta, tayar da shi zai fi cutar da ita. Ƙarya nake yi wa kaina, girmana nake tsoron ya zube a idonku.

Watan jiya ne Ummi ta kawo 'yarta Nana daga unguwar Gudu ta yi mana hutu. Kun san idon Mamanku ya yi rauni, ba ta ganin rubutu yanzu ko da tabarau. Muna zaune a baranda da yamma, Nana tana yin aikin makaranta tana faɗa da ƙarfi, tana kiran kowane ɗigo da waƙafi yadda aka koya musu. Ta zo wata jimla mai tambaya da ta ƙare da p.m., ta tsaya tana shawarar ko ta cire ɗigon. Sai na ji Mamanku ta ce, kamar ba da niyya ba:

"Bar masa ɗigonsa, ki sa alamar tambaya a bayansa. Aya ce kawai ba a ninkawa."

Yarinyar ta ɗago da mamaki. Nan take Mamanku ta kama bakinta.

"Ko da yake tambayi kakanki. Ni kurakuraina yawa gare su."

Kalmomin da na ƙera a cikin tasi ne, ba ta canja ko ɗaya ba, bayan shekara talatin da wani abu. Na aiki Nana sayen ƙosai, na matso da kujerata. Na faɗa mata duka, tun daga tarko goma sha biyu har ƙaryar da na kai wa Injiniya. Ban yi wa kaina ado ba, na ce kishi ne. Na zaci za ta yi kuka ko ta tashi ta bar ni. Tana nan zaune, hannuwanta a kan cinya, fuskarta tana kallon inda muryata take.

"Faɗa mini yadda ya faɗa. Da irin Hausarsa."

Na faɗa. Babu mistake ko ɗaya, aikinsa ya fi naka, ya fi nawa ma.

"Sake."

Na sake. Ta gyaɗa kai a hankali.

"Ba teburin ne ya dame ni ba, Malam. Da ka ce ba ka so in fita, da na zauna, ka san da na zauna. Shafukan nan uku na haddace su. Ina wanki ina bin su, ina daka ina bin su, ina goyon Auta ina bin su, ina neman inda na yi kuskuren. Da na rasa, sai na ce to jahilcin nawa ya kai inda ko kuskurena ba na iya gani. Shi ya sa na ji tsoron in koya wa yara."

Na durƙusa a gabanta da gwiwoyin nan nawa da ba sa lanƙwasuwa, na ce Zulai ki yafe mini don Allah. Ta lalubo kafaɗata ta ce in tashi kada jika ta dawo ta gan ni a ƙasa.

"Ka bari tukuna. Yau na fara jin labarin, ina so in ɗan zauna da shi."

Har yau da nake wannan rubutu ba ta ce ta yafe ba, ni kuma ban sake tambaya ba.